Ƙurar Rumbu da Bangon da Ya Sha Ruwa: Wa Muke Turawa Ya Share?

Jama'a masu saurare, mutanen Sabon Gida da Madawa da Bangi, na Buza da Karofan, na Keita da Tamaske da Ibohaman, da duk wanda muryarmu ta iske a gona ko a garka ko a tsakar gida.  Shirinmu na yau a kan fumfuna yake, wadda wasu ke ce wa hunhuna, wato baƙi-baƙin nan ko kore-koren da ke fesowa a bangon da ya sha ruwa, a gindin rumbu, a jikin albasar ajiya, a harawar da aka ɗaure ba ta gama bushewa ba. Kowa ya san ɓarnar da take yi wa dukiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar da aka tashi kawar da ita, ranar ce ta fi cutar da ɗan Adam. Kankare bango da sharar rumbu da tsintar albasa aiki ne mai haɗari ga huhu, amma mun ɗauke shi ƙaramar hidimar gida, shi ya sa muke ɗora shi a kan waɗanda jikinsu ya fi rauni. Wannan ita ce maganar da zan kafa wa hujja, kuma zan amsa abin da na san wasunku za su ce.

Mu fara da ita kanta fumfunar. Halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Ba ta buƙatar hasken rana. Danshi take so da abin da za ta ci, kara ne ko hatsi ko tsumma ko itace, ko ramnon da magini ya cuɗa da ƙasa. Abu ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, to ta samu wurin zama. Tana yaɗuwa ne ta hanyar iri mai tsananin ƙanƙanta da take saki cikin iska. Irin wadda masana ke kira Aspergillus fumigatus, sai an jera kamar guda ashirin zuwa talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare shi, majina ba ta kama shi duka, yakan zarce har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini. Kowannenmu na shaƙar ɗaruruwansa kullum ba tare da ya ji komai ba, domin jiki mai lafiya na share su. Matsalar yawa ce. Muddin fumfunar na kwance ba a taɓa ta ba, kaɗan take saki. Da zarar busasshiyar tsintsiya ta bi ta kanta, ko an karkaɗe buhu, ko an jefo dami daga saman rumbu, sai miliyoyi su tashi a lokaci guda cikin ɗaki rufaffe, kuma hancin da ya fi kusa da su shi ne na mai aikin.

A yankinmu wurare uku ne wannan aiki ya fi yawa. Na farko ɗakin ƙasa bayan ruwa. Ba mu manta da damanar 2024 ba, shekarar da ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, ta yi ajalin sama da 300, ta rushe tsohon masallacin Damagaram, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba domin azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi. An ƙidaya gidajen da suka rushe. Waɗanda suka tsaya a jiƙe, masu su suka koma suna kankara da yaɓe, suna shanya katifa da tabarma, su ba sa shiga lissafi. Na biyu rumbu, wanda ake kwashe ragowar bara a share kafin a zuba sabon gero. Na uku kuwa namu ne na kanmu, mu mutanen fadamar Tarka da Majiya: rudun albasa. Ana cire albasa a bazara, a ajiye ta har cikin damana ana jiran kuɗi su tashi, kuma a wannan zaman ne zafi da laima ke haɗuwa, baƙar fumfunar nan mai kama da garin gawayi ta shiga tsakanin ɓawo da ɓawo. Sunanta Aspergillus niger. Duk wanda ya yini yana tsintar ruɓaɓɓiya daga mai kyau ya san yadda hannu ke baƙi, ya san kuma abin da yake fyacewa da yamma. Abin da ya fito ta hanci shi ne wanda aka tare. Sauran ya wuce ciki.

Cutarwa ta farko mai saurin zuwa ce. Mutum ya share rumbu da hantsi lafiya lau. Bayan awa huɗu zuwa goma sha biyu, wajen magariba ko tsakar dare, sai masassara ta rufe shi, da rawar ɗari, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, ƙirji ya yi nauyi. Likitocin ma'aikata sun daɗe da sanin wannan ciwo a wurin masu aikin hatsi da ciyawa: jiki ne ke tayar da faɗa saboda tarin ƙurar fumfuna da ƙwayoyin cutar da ya shaƙa. Yawanci yakan sauka cikin kwana ɗaya zuwa uku. To ku dubi lokacin da ake wannan shara a wurinmu: ƙarshen damana, daidai sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari. Kowa sai ya ce sauro ne, a sayi ƙwaya a tebur a sha, masassara ta sauka don kanta, a yaba wa ƙwaya. Kada a fahimce ni a karkace. Duk wanda masassara ta kama a wannan lokaci, musamman yaro da mace mai ciki, ya je likita a yi masa gwajin jini, domin zazzaɓin sauro yana kisa cikin kwanaki. Amma idan ya je, ya faɗi aikin da ya yi kafin ciwon ya tashi. Idan gwaji ya nuna babu sauro, wannan bayani ne zai nuna wa malamin asibiti hanya.

Cutarwa ta biyu a hankali take tafiya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Akwai mutanen da in sun maimaita shaƙar wannan ƙura shekara bayan shekara, huhunsu kan riƙa kumbura duk lokacin da suka haɗu da ita, har kumburin ya zama tabo. Huhun da ya yi tabo ba ya komawa yadda yake. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda masu tankaɗe da awon hatsi ke fama da tari da sarƙewar numfashi, ya kuma ce ba su cika tsufa ba. A 1932 aka bayyana ciwon dalla-dalla a Ingila, a jikin manoman da suka yi aiki da ciyawar dabbobi da ruwa ya daka kafin a adana ta, daga baya aka raɗa masa suna huhun manomi. Ciyawarsu ba ta bambanta da harawar wakenmu da ta gyaɗa ba idan aka jibge ta a saman ɗaki da ɗanyenta. Wanda kuma yake da asma tun asali, ba sai ya jira shekaru ba: shiga ɗaya cikin ɗakin da ya yi fumfuna na iya tayar masa da ita. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi guda a kan laima da fumfuna cikin gidaje, inda ta tabbatar da cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi yawan tari da shesshekar ƙirji da tashin asma.

Sai kuma wani rukuni da ya kamata kowane gida ya san da su: waɗanda suka taɓa yin tarin fuka suka warke. Maganin wata shida yana kashe ƙwayar cutar, amma sau da yawa yakan bar kogo a cikin huhu. Irin fumfuna in ya faɗa wannan kogo sai ya samu ɗumi da danshi, ya tsiro a ciki, ya dunƙule. Bayan wata da watanni ko shekaru mutum ya koma tari, yana rama, wani lokaci yana kakin jini. A gwada kakinsa ba a ga tarin fuka ba, amma saboda alamun iri ɗaya ne, akan sake ɗora shi a kan maganin da ba na ciwonsa ba. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.2 a duniya ke ɗauke da wannan ciwo bayan tarin fuka. A 2022 hukumar ta jera fumfunonin da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sa Aspergillus fumigatus cikin huɗun farko. Ciwon yana da magani, amma na watanni ne, da tsada, kuma gano shi sai da hoton ƙirji da gwajin jini na musamman. Hana wannan bawan Allah shiga rumbu ya fi duk wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Haka mai ɗauke da cutar sida, da mai ciwon sukari da ba a daidaita ba, da yaron da tamowa ta kama.

Kuma fumfuna ba ita kaɗai ke zaune a waɗannan wurare ba. Ɗakin da aka daɗe da rufewa, da tsakanin kwano da rufin ciki na makaranta ko masallaci, matattarar jemage ce. A kashin jemage da na tsuntsaye da ya daɗe a jibge ne wata fumfuna mai suna Histoplasma ke rayuwa. Nau'inta na Afirka yakan kama fata da ƙashi, kuma masu bincike sun same shi a kogon jemagu na Ogbunike a kudancin Najeriya. Kashin tattabara na ɗauke da wata da ke haddasa sanƙarau ga wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Kusu yana barin fitsari da kashi a gindin rumbu, kuma ta wannan hanya ce zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na ƙasar Barno, ke kama mutane kowace shekara a Najeriya, maƙwabciyar da muke shiga muna fita kullum. Laka da ambaliya ta bari a ɗaki kuwa ta gauraya da abin da ya fito daga masai da turken dabbobi. A damanar 2024 ɗin an yi fama da kwalara a jihar Tawa, har da Buza da Madawa da Konni. Mai kwasar wannan laka da hannu tsirara, ya ɗauki goro ya jefa a baki bai wanke hannu ba, ya buɗe wa ciwo ƙofa da kansa.

Yanzu mu tambayi kanmu gaskiya: wa ke yin wannan aiki? Bakin rumbun ƙasa ƙarami ne, saboda haka sau da yawa yaro ake zurawa ciki da tsintsiya da ƙwarya, babba na tsaye a waje cikin iska yana karɓa. Sharar ɗaki ta mata ce, kuma mace ba ta sauke goyo don za ta yi shara, jariri na bayanta hancinsa a buɗe. Tsintar albasa da gyaɗa akan bar wa tsofaffi da yara, da almajirin da za a sallama da abinci. Wanda ya tashi daga doguwar jinya, ba ya iya huɗa ba ya iya ɗaukar buhu, shi ake ce wa ya zauna a inuwar rudu ya riƙa tsinta, wai an tausaya masa an ba shi mara nauyi. Ba mugunta ke sa mu haka ba. Muna auna nauyin aiki ne da ƙarfin damtse, shara kuwa ba ta buƙatar damtse. Amma wannan aiki da huhu ake yin sa. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, huhunsa bai gama ginuwa ba. In da huhu za a auna, ƙaƙƙarfan namiji mai lafiya shi ya kamata ya shiga rumbu, yaro da mai ciki da mai goyo da mai tsohon tari su yi nesa har ƙura ta kwanta. Wannan gyara ba ya cin ko dala.

Na san abin da wani dattijo zai ce: kaka da kakanni sun share rumbu da tsintsiya, ba su san takunkumi ba, kuma sun ga jikoki. Maganarsa da gaskiya a ciki, domin mafi yawan masu lafiya za su yi wannan aiki su tashi ba abin da ya same su sai atishawa. Amma waɗanda suka tsufa su muke gani. Wanda tari ya ɗauka yana ɗan shekara arba'in ba ya nan balle ya ba da shaida, kuma a lokacinsa an ce sanyi ne ya kama shi, ko sammu. Sannan kakannin ba sakarkaru ba ne. Sun ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya sha danshin ƙasa. Sun bar gero a zangarniyarsa ya bushe sarai kafin a ɗaure dami. Sun san a buɗe rumbu a bar shi ya sha iska, sun san a yi shiƙa a fili a juya wa iska baya. Mu ne muka zo da buhun leda da ke riƙe gumi, da daɓen siminti da ake jibge buhu a kansa ba katako, da mangaza mai rufin kwano marar taga, da ajiyar albasa mai yawan da ba su taɓa yi ba. Wanda ya kafa hujja da kakanni, sai ya ɗauki hikimarsu gaba ɗaya.

Wani kuma zai ce ƙasarmu ta Adar busasshiya ce, ranarta ta ishi kowace fumfuna. Rana tana taimako ƙwarai, ita ce ma babban makaminmu, amma a san iyakarta. Bushewa tana tsayar da girman fumfuna, ba ta kashe irinta; irin yakan jure fari wata da watanni yana jiran danshi. Kuma busasshiyar fumfuna ta fi jiƙaƙƙiya saurin tashi sama. Ko wadda ta mutu, ƙurarta na tayar da asma da masassarar da na ambata, domin jiki ba ya tambaya ko tana da rai. Dangin Aspergillus kuwa ƴan zafi ne. Wadda ke kama gyaɗa da masara, Aspergillus flavus, ta fi jin daɗi a zafin da ya kai na jikin mutum, kuma ta fi shiga gyaɗa tun a ƙasa a shekarar da ruwa ya ɗauke kafin ta nuna. Wato fari ma ƙofa ce gare ta. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ƴar taga ɗaya kuwa, yana iya riƙe danshi makonni bayan tsakar gida ta bushe ƙurmus.

To yaya za a yi aikin? Asalin dabarar ɗaya ce: kada a bari ƙura ta tashi, wadda ta tashi kuma kada ta tsaya inda mutum yake. Kafin komai a duba bangon, domin bangon da ya sha ruwa yana faɗowa, kuma rushewar ɗakuna ta kashe mutane da yawa a ambaliyar ƙasar nan. In ya tabbata da ƙarfinsa, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kaya rana, a kori yara daga wurin. A yayyafa ruwa kaɗan a inda za a kankare, yadda zai yi laushi kawai, sannan a kankare a zuba cikin buhu a kai nesa da gida a binne. Wani zai ce, ruwa ya kawo fumfuna, kuma ka ce a ƙara ruwa? Yayyafin da zai bushe cikin awa guda da ƙofa a buɗe ba ya raya ta. Danshin da ke kwana shi ke raya ta. Kada a yi sabon yaɓe sai bango ya bushe har ciki, kuma sai an gyara indararo ko tsagar rufin da ta kawo ruwan, in ba haka ba baɗi a sake. Rumbu a cire masa hula tun da safe, a bar shi awoyi kafin kowa ya shiga, mai shiga kuma ya riƙa fitowa yana shan iska, da wani tsaye a bakin. Albasa da gyaɗa ba a jiƙa su, don haka tsintarsu a fili za a yi, iska na bugun bayan mai aiki, ba cikin rudu ba. Katifar soso da ta kwana biyu cikin ruwan ambaliya ta yi baƙi har ciki, da zana da tabarmar kaba da suka ruɓe, ba su da wanki. In an gama, a tuɓe kayan aiki a waje, a jiƙa su kafin a wanke, a yi wanka da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.

Saura maganar rufe hanci, inda za a ce mini babu kuɗi. Takunkumin da aka yi don irin wannan ƙura shi ne mai lamba N95 ko FFP2, wanda muka sani a zamanin korona. Yana tare kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari na ƙura mai laushi, da sharaɗin ya manne da fuska. Gemu mai kauri yana buɗe masa gefe, mai gemu ya san kariyarsa ta ragu. Shuɗin nan na asibiti yana barin iska ta gefe. Rawani ko gyale da aka ninka ya fi babu, yana tare manyan ɓarɓashi, amma irin fumfuna na ratsa saƙarsa, kuma illarsa ita ce ya sa mutum ya saki jiki ya daɗe a cikin ƙura. A ɗaura shi in shi ke akwai, a wanke shi bayan aiki, amma kada a ɗauka ya maye gurbin yayyafi da buɗe ƙofa. Batun kuɗi kuwa, a dubi wanda ke da riba a aikin. Mai rudu da ke jiran buhu ya yi tsada, ɗan kasuwar da ke loda mota zuwa Gana ko Kwaddibuwa, ƙungiyar manoma da ke sayen taki da iri a dunƙule, ba za su gaza sayen kwalin takunkumi da safar hannu ta roba ga masu yi musu tsinta ba. Wanda ya ɗauki lebura ya sa shi aikin da zai taɓa lafiyarsa, kariyar tana wuyansa.

Akwai dabaru uku da aka dogara da su fiye da kima. Ruwan jabel yana aiki a kan siminti da ƙarfe da roba, kofi ɗaya cikin kofi goma sha shida na ruwa, taga a buɗe, kuma kada a kuskura a gauraya shi da asid ɗin wanke bayan gida ko wani maganin, domin haɗin na fitar da iska mai ƙona huhu. A bangon ƙasa da kara da katifa kuwa, launi kawai yake gogewa, saiwar tana ciki. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhu don ƙwari, ta ƙwari ce. Ba ta gyara hatsin da ya riga ya yi fumfuna, kuma iskarta na kashe mutum in aka ajiye buhun a ɗakin kwana. Madarar da ake sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji, abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Na bar mafi wuya a ƙarshe: abin da aka kwaso daga gindin rumbu, ina za a kai shi? Aspergillus flavus tana barin guba a cikin gyaɗa da masara da dawa, ana kiranta afilatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 a gabashin Kenya, masarar da aka adana da danshi ta kwantar da mutum 317, ta kashe 125, hantarsu ta lalace. Ci kaɗan-kaɗan na shekaru yana jawo sankarar hanta, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, haɗarin na ninkuwa sau da yawa. Binciken da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. In aka ba akuya ko saniya, wani kaso na fitowa a nono. Kaji da agwagi kuwa tana iya kashe su.

A nan ne mai gida zai dube ni ya ce: malam, ka taɓa zubar da hatsi a shekarar da rumbu bai kai bazara ba? Wannan tambaya ba ta da amsa mai daɗi, kuma duk wanda ya ce wa mai yunwa ya zubar da abinci ba tare da ya nuna masa mafita ba, bai yi masa adalci ba. Abin da ke rage nauyinta shi ne, gubar ba ta bazu daidai cikin buhu. Takan taru a ƴan ƙwayoyin da suka canza launi, suka motse, suka fashe, ko ƙwaro ya huda. Tsince waɗannan yana fitar da kaso mai yawa na gubar, a ceci sauran. A ƙasar Gini an gwada haka a ƙauyuka ashirin na yankin Kindiya: tsintar gyaɗa da hannu, shanya a tabarma, busarwa sosai, buhun algarara, ɗora buhu a kan katako, da maganin ƙwari. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi tsarin ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu na'ura ko ɗaya a cikin abin da suka yi. Sharaɗin shi ne wadda aka tsince ta tafi rami. In ta koma ƙuli-ƙuli, ko aka sayar da ita da araha ga mai yin tunkuza, ko aka ba yaron da ya yi tsintar a matsayin ladansa, to an tattara gubar buhu guda an ba mutum ɗaya. Wake kuma da hatsin da suka bushe sarai, buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda aka gwada tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi, yana tsare su ba tare da ƙwaya ba. Amma in aka ɗaure shi da danshi, ba zai gyara abin da shanya ta gaza ba.

Akwai rabon da ya wuce ƙarfin mai gida. Idan hukuma da ƙungiyoyin agaji suka kawo shinkafa da bargo da tabarma bayan ambaliya, takunkumi da safar hannu da sabulu na masu gyaran ɗakuna su shiga cikin kayan. Azuzuwan da mutane suka zauna ciki, ko waɗanda rufinsu ya yi yoyo duk damana, kada a tara ƴan makaranta ranar komawa a miƙa musu tsintsiya. Magajin gari da iyayen yara su sa manya su yi, da yayyafi, kwanaki kafin a buɗe. Limamai da masu unguwa su sa ido a kan wanda ake turawa saman rufin masallaci kwasar kashin jemage. Malaman asibiti kuma, daga ƙaramar likitar ƙauye har babban asibitin Madawa, idan mai tari ya zo, a tambaye shi sana'arsa da aikin da ya yi a makon. Wanda ya gama maganin tarin fuka, a sallame shi da gargaɗin ya nisanci rumbu da rudu da harawa mai ƙura, a kuma gaya masa in tari ya dawo ko ya ga jini ya komo da katinsa na da, domin a nemi wani dalilin in gwajin kaki bai nuna komai ba.

Nan za mu dakata a shirin yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.